Filin da Ban Kai Rakiya Ba

Ƙanwata ce ta tayar mini da wannan tunani. Ranar Juma'ar da ta wuce na sa ɗana Isuhu ya kankare mini katin waya na kira gida. Muna cikin gaisuwa da labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu, sai ta ce mini, kamar ba wani abu ba, ai dajin nan na arewacin gari babu shi yanzu. An sare an yi gawayi, abin da ya rage an raba shi gonaki. Ta ce idan mutum ya tsaya a bakin rijiya yana hango rufin kwanon garin gaba sarai. Na ce mata to, Allah ya sa wa gonakin albarka. Katin ya ƙare muna tsakiyar magana. Na ajiye wayar, na zauna a bakin gado ina kallon bishiyoyin Greensboro, nan Amurka, ta taga, dogaye, kore shar, waɗanda har yau ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wanda bai taso a can ba, idan aka kai shi dajin nan zai ce me mutum yake nema a ciki. Ba ruwa, ba inuwar kirki. Sabara ce da geza da kalgo, gajejjeru, ɗaya nan ɗaya can, sai aduwa da magarya jefi-jefi, sai tumfafiya a inda ƙasa ta gaji. Da rani komai yakan koma launin toka da launin rairayi. Ƙarangiya ta cika maka bakin zane, ƙaya ta huda takalmi. Amma wurin yana da murya. Da hantsi kurciya ta fara kuka daga wannan gefe, wata ta amsa daga wancan. Iska ta taɓa busassun 'ya'yan kalgo su yi ta kaɗawa kamar caki. Kana tafe ba zato fakara ta tashi daga gindin ƙafarka, gabanka ya faɗi, ka yi dariya kai kaɗai. Can nesa ka ji makiyayi yana kiran shanunsa, ba ka gan shi ba, ba ka ga shanun ba. Mu mata nan muke zuwa itace, mu tsinci aduwa, mu figi ganyen jiga na kwaɗo, mu dawo da rana tsaka da dami a kan gammo, wuya yana ciwo, baki a bushe. Ba wadda a cikinmu take cewa wurin yana da kyau. Wurin aiki ne.

Na yi auren fari da mutumin da nake so, Allah ya ji ƙansa, na tare a gidansu da ke ƙarshen gari. Shekara ta zagayo na haifi ɗa namiji. A wancan zamani ɗan fari abin kunya ne ga uwa. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, idan ya faɗi ta kau da kai har wani ya ɗauke shi. Haka na yi, don haka na ga an yi. Sai idan mun shiga ɗaki mu biyu na saki labule nake sa hancina a wuyansa in yi ta shaƙa. Ya fara kama bango yana tsayuwa ke nan, bayan an gama girbi, ƙyanda ta shigo gari. Kwana shida ya yi. Aka naɗe shi a ɗan farin ƙyalle, maza suka fita da shi, ko gawa ba ta yi kama da gawa ba don ƙanƙanta.

Mata suka cika gida. Kowa ta shigo ta ce in yi haƙuri, ina da ƙuruciya, Allah zai ba da wani. Na ce amin. Ban yi kuka ba. Yaya za a yi wadda ba ta kiran sunan yaro yana raye ta zauna tana rusa kuka a gaban surukanta? Aka yaba mini, aka ce yarinyar nan akwai kunya da tawakkali. Nono yana zuba yana jiƙa mini riga, ina zaune ina amsa gaisuwa. Bayan an watse sai abin ya fara fitowa ta wasu hanyoyi. In dama kunu in manta ban sa tsamiya ba. In je rijiya in zura guga in tsaya riƙe da igiya har sai wata ta taɓa ni. Abinci ya daina wucewa. Aka fara raɗe-raɗin ko iska ce ta shafe ni, maigidana ya karɓo rubutu wurin malami, na sha, ban ƙi ba, ban kuma ji wani sauyi ba.

Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, gajeriyar mace ce mai kaushin harshe. Ban taɓa jin ta yabi tuwona ba. Tsoronta nake ji fiye da kowa a gidan. Wata safiya bayan an idar da sallah ta ɗaga labulen ɗakina ta ce, "Ɗauko gatari da igiya. Itace ya ƙare." Itace bai ƙare ba, na ga tarinsa a bayan madafa, amma wa zai ce wa Inna haka? Na bi ta. Muka wuce gonaki, muka wuce inda mata suka saba tsayawa, muka yi ta tafiya har sautin daka ya ɓace, har kukan jakunan gari ya ɓace. Muka hau wani tudu da ke da aduwa guda ɗaya a kansa. Ta ajiye mini gorar ruwa a gindin aduwar, ta karɓi gatarin daga hannuna ta ce, "Zan gangara bayan tudun nan. Zan daɗe. Daga nan ba a jin komai a gari, ni ma daga can ba na ji." Ta tafi.

Ranar farko ban yi komai ba. Na zauna ina kallon tururuwa suna jan ƙwayar ciyawa. Na ɗaga kai, sai na ga tun da yaron ya rasu ban kalli abin da ya wuce bangon gida nisa ba. A nan kuwa ido yana tafiya, yana tafiya, bai ci karo da komai ba sai inda sama ta sauko. Ba wanda yake duba fuskata ya ga ko na yi haƙuri ko ban yi ba. Washegari ta sake ɗaga labule, muka koma. A rana ta uku ne, kurciya tana kuka a saman aduwar, na ji wani abu ya tsinke a ƙirjina. Na yi kukan da ban san akwai shi a jikin mutum ba, na kifa fuska a rairayi, na kira yarona da duk sunayen da nake kiran sa a bayan labule. Da na gaji na yi barci a wurin. Na farka na tarar Inna ta ɗaure dami biyu tana zaune nesa kaɗan tana cin goro. Ta dubi idona, ta zuba mini ruwa a hannu na wanke fuska. Da za ta ɗora mini damin a ka sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ni ma a gindin aduwar nan na zauna. Sau uku." Iyakar abin da ta taɓa faɗa mini a kan maganar ke nan har ta koma ga Allah.

Muka yi ta zuwa har ranin ya ƙare. Wata rana in yi kuka, wata rana in yi ta yawo ina tsintar magarya, wata rana in kama gatari mu yi saran tare. Ban san ranar da na warke ba. Na dai san akwai ranar da muna dawowa na ji yunwa, yunwa ta gaske, na ce wa Inna ko akwai sauran tuwon jiya. Ta ce, "Akwai, idan ba ki sake ƙona shi ba." Itacen da muka tara a shekarar nan sai da ya kai mu wata damina.

Shekaru suka ja. Na haifi wasu, shida suka rayu. Isuhu, na biyun, shi ne ya yi karatu ya fita, ya ƙare a Amurka yana aiki a wani babban sito inda ake loda kaya a manyan motoci. Ya auri Rakiya, 'yar Yamai, marainiya, wadda ta yi lakwal, wato boko, mai zurfi, tana jin Faransanci da Turanci, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Da ta samu cikin fari, tun da ba ta da uwa, suka yi mini takardu in zo in yi mata wankan jego. Na zo da kanwa da kayan yaji a ƙasan akwati, da ɗan zanen goyo da na saya a kasuwarmu.

Da damina na sauka, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kore. Ban taɓa ganin ciyawa irin wannan ba, ga ta lif-lif a gaban kowane gida, ba akuya ko ɗaya da za ta ci, sai dai mutum ya hau inji ya aske ta ya zubar. Isuhu ya zaga da ni wata unguwar masu hali, Irving Park, in ga gidaje. Na ga gidajen, na ga bishiyoyi sun haɗe kai sun rufe sama. Na ce masa kyau kam akwai, amma ina ake ganin gari idan hadari ya taso? Ya yi dariya ya ce a talabijin. Mu kuwa muna hawa na biyu a wasu gidajen haya da ke bayan High Point Road, inda motoci ba sa yankewa. Bangon ɗakin kamar kwali, idan maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Taga a rufe, injin sanyi yana gurnani dare da rana.

Rakiya ta haifi 'ya mace a asibiti. Likitoci suka ce zuciyar jaririyar ba ta ginu daidai ba. Kwana huɗu ta yi a cikin akwatin gilashi, ba ta kai ranar suna ba. Matan Nijar da matan Gana da muke haɗuwa da su a masallaci suka cika falon, kowa da tiren shinkafa a rufe. Kowa ta ce Rakiya ta yi haƙuri, tana da ƙuruciya, Allah zai ba da wani. Kalma a kan kalma, abin da aka gaya mini ne shekaru fiye da arba'in da suka wuce, a wata duniya. Na ji su da kunnena, na san ba sa shiga, kuma da aka zo kaina ni ma abin da na faɗa ke nan. Na dafa ruwa a babbar tukunya na yi mata wankan a bahon banɗaki, na dama kunun kanwa. Tana karɓa ta ce, "Na gode, Mama." Idonta a bushe.

Bayan mako uku ta koma aiki. Na ce, "'Yata, ko arba'in ba ki yi ba." Ta ce, "Ina okay, Mama. Ina da shif, in ban je ba za su ba wani." Daga nan na fara ganin abin da na sani. Ta dawo daga aiki ta kashe mota a fakin, ta zauna a ciki riƙe da sitiyari, ina hango ta daga sama, har inuwa ta juya. Ta buɗe firij ta tsaya ta manta abin da ta zo ɗauka. Isuhu ya kai ta wurin likita, ya dawo ya ce mini, "Mama, sun ce difireshan ne, ciwon damuwa. Sun ba ta magani." Maganin ya taimaka mata wajen barci, ba zan ce bai yi komai ba. Amma ta farka ta koma cikin bango huɗun nan, da miji wanda shi ma nasa baƙin cikin ya sa ya ƙara awannin aiki don kada ya zauna a gida.

Ni kuma likita ya ce sukari ya fara hawa, in riƙa tafiya da safe. Wata safiya da kaka, na bi ta bayan inda ake zuba bola, na ga shingen waya ya yage. Na leƙa. Wani fili ne da aka taɓa sharewa za a yi gini aka fasa. Jar ƙasa ce a tsattsage, da ciyawa doguwa da ta bushe ta koma launin gamba, da wasu sarƙaƙƙiya masu ƙaya, da 'yan bishiyoyi da ba su wuce tsayina ba. Ba wanda ya aske komai, ba wanda ya shuka komai. Filin ya ɗan yi tudu, idan ka hau sai ƙarar motoci ta ja baya, sama ta buɗe. Na zauna a kan wani bututun siminti da aka yar. Sai ga kuka daga kan wayar lantarki, na rantse da Allah kukan kurciya ne, da ɗan bambanci a ƙarshensa kamar na baƙon da ya iya Hausa. Na dubi bakin zanena, wasu 'yan ƙayoyi sun manne a jiki. Na zauna ina cire su ɗaya-ɗaya, hawaye yana zuba, na jikata da ban goya ba, da na wancan da ya fara kama bango.

Tun daga ranar kullum sai na je. Kuma tun ranar farko na san abin da ya kamata in yi. Ba sai an gaya mini ba, an yi mini shi. In ɗaga labule in ce wa Rakiya ta taso. Ban yi ba. Na sha tambayar kaina dalili. Akwai kunyar suruka, wadda a nan ma ba ta sake mu ba. Akwai tsoron kada 'yar boko ta ga tsohuwar ƙauye ta ja ta bayan bola ta zaunar da ita cikin ƙaya, alhali likitocin Amurka suna duba ta. Inna tana da gatari da igiya da za ta fake da su, ni ba ni da abin da zan ce mun je nema, wuta a nan murɗawa ake yi. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan muni, wanda sai yanzu nake iya faɗa: wurin ya yi mini daɗi, shi kaɗai ne abin da yake nawa a ƙasar nan, ban so in raba shi da kowa ba.

Sau ɗaya na kusa. Ranar hutunta ce, na ɗaura ɗankwali, na sa takalmi, na tsaya a ƙofar ɗakinta na ƙwanƙwasa. Ta ce, "Na'am, Mama?" Tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, zanen goyon nan da na zo da shi yana kan cinyarta. Na ce, "Rakiya." Ta ɗago tana jira. Na ce, "Akwai kunu a kan wuta, kada ya huce." Na fita na tafi ni kaɗai. A hanya na ce wa kaina gobe. Sai sanyi ya shigo, irin sanyin nan da ke shiga ƙashi, na ce bari gari ya yi ɗumi, kada in fitar da mai jego ta kwashi ciwo, ko da yake jegon ya daɗe da wucewa, kuma ni sanyin bai hana ni zuwa ba.

Gari yana fara ɗumi, bishiyoyi suna fitar da fure, na je wata safiya na tarar an kewaye wurin da jan raga, manyan injuna suna ture ƙasa. Cikin mako biyu tudun ya zama shimfiɗa. Aka zuba kwalta, aka kafa fitilu da tutoci masu launi, aka jera motocin sayarwa. Na tsaya a bakin ragar ina kallo har wani ma'aikaci ya yi mini alama da hannu in matsa. Akwai wuraren shaƙatawa a garin, masu tafki da benci, Isuhu ya kai mu ɗaya wata Lahadi. Mutane suna gudu da karnuka, kowa ya wuce ya yi maka murmushi dole ka mayar. Rakiya ta zauna a benci ta mayar wa kowa murmushinsa, bayan ɗan lokaci ta ce mu koma, kanta yana ciwo.

Tsakaninta da Isuhu ba a yi faɗa ba. Magana ce ta yi ta raguwa har ta ƙare. Yayarta da ke aure a Ohio ta ce za ta zo ta tafi da ita ta huta wata ɗaya ko biyu. Ba ta dawo ba. Bayan shekara auren ya mutu, ba tare da wani ya ɗaga murya ba. Ba na cewa fili da ciyawa za su riƙe aure, wannan sanin Allah ne. Na dai san abin da aka ba ni lokacin da nake bukata, daga hannun matar da ko tuwona ba ta yabawa, kuma na san ni da ake ce wa mai sanyin hali ban miƙa shi gaba ba.

Safiyar da Rakiya da yayarta za su tafi, an gama loda akwatuna, yayarta ta tayar da mota, Isuhu yana tsaye can gefe hannu a aljihu. Rakiya ta zo ta durƙusa a gabana a kan kwaltar fakin ta ce, "Mama, ki yafe mini." Na ce, "Ba ki yi mini komai ba, 'yata. Tashi." Na kama hannunta na ɗaga ta. Ba ta saki hannuna ba.

Ta ce, "Mama, akwai abin da na daɗe ina so in tambaye ki. Da can kullum da safe ina ganin ki ta taga, kin bi ta bayan bola kin ɓace. Ina kike zuwa?"

Na ce, "Miƙe ƙafa ne. Kin san likita ya ce in riƙa tafiya."

Ta ce, "In kin dawo idonki yakan yi ja, amma fuskarki kamar wadda aka sauke wa kaya. Sau da yawa nakan ji kina sa takalmi, sai in ɗauki mayafina in zauna da shi a hannu. In ce yau Mama za ta ce in zo mu je."

Na buɗe baki in ce mata to taso mu je yanzu, motar ta jira. Sai na ɗaga ido ta saman rufin gidajen, na hango tutocin masu sayar da motoci suna kaɗawa. Babu inda za mu. Yayarta ta danna ham a hankali. Rakiya ta matse hannuna sau ɗaya, ta saki, ta shiga mota.